Fuskar Munzali a Takarda Casa'in da Shida

Masu karatu, na saba rubuta labarin wasu in sa sunana a ƙasa. Wannan nawa ne, don haka zan bi ƙa'idar da aka koya mini a ɗakin labarai: abin da na gani zan faɗa, da lokacinsa da adadinsa.

Sunana Raihana, shekarata ashirin da takwas, ni ce wakiliyar wata jarida a Daura da garuruwan da ke kewaye da ita. Mahaifina, Alhaji Lawal, ya yi shekara talatin yana dillancin shanu a karar Mai'adua. Da ido ya ci abinci. Yakan hango sa daga nesa ya faɗi shekarunsa, ya kalli mai san ya faɗi ko mutumin kirki ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ciwo ya cinye masa tsakiyar gani, ya bar masa gefe. Yana gane ƙofa, yana gane rana da inuwa, yana gane an shigo gida. Amma inda fuskar mutum take, duhu-duhu kawai yake gani, kamar an goge wurin da yatsa.

Mutum biyu ke nemana. Zakiyyu ɗan Goggo Ummukulsum ne, ƙanwar Baba, wadda ta riƙe mu tun rasuwar Umma. Yana fataucin hatsi, yana da mota, kuma ba shi da wani aibu da zan iya rubutawa. Munzali malamin gona ne a Baure, yana da babur da albashin da ba ya zuwa a kan lokaci. Shi nake so.

Wata safiya Baba yana shan koko a kan buzunsa, na durƙusa na gaishe shi, ya ce in zauna.

"Ba zan yi miki dole ba," ya ce. "Amma ni ko akuya ban taɓa ƙulla cinikinta da kunne ba. Zakiyyu na san fuskarsa tun yana rarrafe. Wannan yaron na Baure murya kawai na sani, murya kuwa kowa yana iya gyara tasa."

"Baba, ai sau uku ya zo ya gaishe ka."

"Sau uku na ji shi."

Ya ajiye ludayi. Ya ce ranar Juma'a iyayen Zakiyyu maza za su zo neman izini, kuma zai saurare su. Na Munzali kuwa ba zai karɓi gaisuwarsu ba sai ya ga wanda suka zo dominsa. Goggo tana bakin murhu tana jin komai. Ita da ni duk mun ɗauki maganar a matsayin a'a da aka naɗe cikin ladabi. Ni kuma ba zan yi auren da Baba bai karɓi gaisuwarsa ba. Wannan kowa a gidan ya sani.

Ranar Litinin na raka shi asibiti a keke-nafef. A shatale-talen da muka bi akwai wani ƙaton allo da ya rage tun lokacin zaɓe, da fuskar wani ɗan takara, rana ta koɗe shi har sunan ya goge. Mun zo daidai wurin sai Baba ya karkata kai gefe guda, kamar mai sauraron wani abu a nesa.

"Wannan mai faɗin hancin wane ne?"

Na ce da mai keken ya tsaya. Ban san na ɗaga murya ba sai da ya taka birki har muka yi gaba.

"Baba, me ka gani?"

"Mutum mana. Ya karkace hula. Yana da wushirya." Ya ƙara karkata kai. "Wannan ba ya cika alkawari."

Mai keken ya kwashe da dariya, ya ce wallahi Alhaji ya fi masu ido gani. Ni ban yi dariya ba. Shekara goma sha ɗaya, kuma ga fuska ta shige shi don kawai ta yi girman da ciwon bai iya rufe ta duka ba. Na sauka na auna allon da ido. Daga haɓa zuwa hula ya fi tsayin ƙofar zaure.

Tun a layin asibiti na rubuta wa Munzali.

Ni: Baba ya ga fuska yau.
Munzali: Allahu Akbar! Ta wa?
Ni: Ta ɗan siyasa. A allon shatale-tale. In fuska ta kai girman bango yana ganinta.
Munzali: To ni ina zan samo kan da ya kai bango?
Ni: Turo mini hotonka mafi kyau.
Munzali: Biyu gare ni. Na katin aiki, da wanda abokin aikina ya ɗauke mu ranar da kika zo hira a gonar gwaji.

Na katin aiki ya fito kamar wanda ake nema ruwa a jallo. Na biyun ya yi kyau. Yana tsaye a gaban gero, da farar riga mai gajeren hannu da hula ƙube, yana bayani, idonsa a ƙasa kaɗan. A gefen dama kuma ga ni, rabin fuskata, da mayafi ruwan toka, ina miƙa masa rikoda. Na ce a raina wannan gefen yankewa za a yi.

Kwana uku na yi ina yawon neman inda za a buga shi da girma a kuɗin da nake da shi. Mai buga bana, wato allon talla na leda, a hanyar Kano ya ce ƙafa goma a ƙafa takwas naira dubu arba'in da biyu, kuma Kano zai tura, sai bayan kwana huɗu. Ya ƙara da cewa hoton waya ne, in aka ja shi haka farfashewa zai yi. Abin da ke jakata bai kai dubu goma ba. Na je wajen Hamma mai zanen allon shaguna. Ya ce dubu ashirin, mako biyu. Na tsaya na kalli aikinsa da ke jingine a bango: mai aski, mai shayi, mai gyaran waya, dukkansu da hanci ɗaya, kuma hancin Hamma ne. Na yi godiya na fito. Wani malami ya ba ni shawarar aron na'urar haska hoto a bango. Na gwada a ofishinsa. Cikin haske hoton ya dushe, cikin duhu kuma Baba ba ya ganin komai.

Munzali: Ko in sayar da babur ɗin?
Ni: Ka zo neman aure a ƙafa daga Baure?
Munzali: In ya kama.
Ni: Bar babur ɗinka.

Ranar Laraba da hantsi na shiga shagon Madam Georgina a bayan tasha don in buga wata takardar ofis. Shekararta ashirin da biyu a Daura, mijinta Nwafor yana sayar da kayan gyaran babur a shagon da ke manne da nata. Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari kyau. Ta kalle ni ta saman tabarau.

"'Yar jarida, yau wa ya mutu? Fuskarki kamar an hana ki albashi."

Na gaya mata a taƙaice. Ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallon hoton.

"Siriri ne," ta ce. "Amma yana da kunya. To ke me ya kai ki wajen masu leda? Su girma suke sayarwa. Girma ba ya da kuɗi, 'yata, raba shi za ki yi."

Ta jawo kujera ta nuna mini a kwamfuta. Akwai manhajar da ke yanka hoto gida-gida, kowane gida ya cika takarda ɗaya irin wadda ake fotokofi da ita. Ta ce da haka take yi wa cocinsu fosta duk shekara. Ta sa layi goma sha biyu a tsaye, kowane layi takarda takwas. Casa'in da shida.

"An ce mini hoton zai farfashe," na ce.

"Bar shi ya farfashe, mu za mu riga shi." Ta danna wani wuri, hoton ya koma ɗigo-ɗigo baƙaƙe, manya a inda duhu yake, ƙanana a inda haske yake. "Ba haka jaridarku take buga hoto ba?"

Haka ne. Na yi shekara shida ina ganin ɗigon nan a shafin farko, ban taɓa tunanin ɗigo ɗaya zai iya kai girman kwabo ba. Ta ce baƙi da fari ne, naira saba'in kowace takarda saboda zai ci tawada. Dubu shida da ɗari bakwai da ashirin. Ta yafe ashirin ɗin.

"Madam, ki yanke gefen dama. Layi biyu na ƙarshe."

"Inda kike?"

"Eh."

"Ni ba na yanke mutum daga hoto. Zan buga miki duka, ki je gida ki yanke kanki da kanki."

Injin ya yi minti arba'in yana tofo takardu masu ɗumi. Na ɗauki ɗaya na duba: ɗigo goma sha tara da farin fili. Babu ido, babu hanci, babu abin da za ka ce mutum ne. Ita kuma tana rubuta lamba a bayan kowace, tana haɗa takwas-takwas da ƙaramin maƙali. Ta ce in yanke farin gefen da reza, in dama sitaci da ruwan zafi kada ya yi kauri, in manna daga sama zuwa ƙasa.

Ranar Alhamis da safe na share bangon gabas na tsakar gidanmu. Siminti ne mai santsi, kuma bayan azahar rana tana dukansa sosai, irin hasken da Baba yake bukata. Na ɗaure zare a sama don layi ya miƙe. Na shimfiɗa tabarma na jera kashi goma sha biyu, na ɗaya a hagu, na sha biyu a dama, kowane na danne shi da dutse. Niyyata in tabbatar sun cika sannan in ɗauke biyun ƙarshe in kai ɗaki.

Goggo ta shigo ta ƙofar da ta haɗa gidajenmu, da zanin atamfa mai ganye-ganye, ta naɗe hijabinta ta ɗaure a ƙugu.

"Wannan kuma wane sabon salo ne? Rubutun sha za ki yi wa bango?"

Na yi mata bayani. Ta ɗauki takarda ɗaya ta juya ta sama da ƙasa.

"Wannan ne Munzalin? Ashe ƙyanda gare shi." Ta ajiye. "Kawo sitacin in taya ki. Gara Yaya ya gan shi da kyau, ya ga irin wuyan da kike son kawo mana cikin dangi."

Na nuna mata yadda ake yi: kashi ɗaya layi ɗaya, lamba ɗaya a sama, takwas a ƙasa. Sai wayata ta yi ƙara. Editana ne, yana son in gyara wasu alƙaluma a rahoton takin zamani da na aika. A gidanmu waya ba ta kamawa sosai sai a zaure. Na ce da Goggo ta jira ni, na fita.

Minti ashirin da biyar na yi. Da na dawo, na tsaya a bakin ƙofar zaure, taku goma sha huɗu daga bangon, ban iya ƙarasawa ba.

Goggo ba ta taɓa fara wani abu da hagu ba a rayuwarta. Takalmi da dama, shara daga dama, ko ƙosai za ta kwashe daga dama take farawa. Ta yi bisimilla, ta hau benci, ta ɗauki kashin da ke hannun damanta ta manna a ƙarshen bango, ta bi shi da na kusa da shi. Takarda goma sha shida, a miƙe tsaf kamar tela ya ɗinka.

Daga inda nake, ɗigon nan sun daina zama ɗigo. Ido ne yake kallon gefe, ya kai faɗin faranti, da gira, da gefen hanci, da ninkin mayafi. Idona ne. Na yi taku uku gaba, ya fara watsewa. Na koma baya, ya sake haɗuwa. Sau biyu na yi haka kamar ƙaramar yarinya. Takardun nan ne fa da na riƙe da hannuna jiya, na ga babu komai a cikinsu.

"Kin tsaya kallo ko za ki zo?" Goggo ta ce daga kan benci. Hancinta kusan yana taɓa bangon, ɗigo kawai take gani.

Na je na taɓa gefen takarda ɗaya da farce. Sitacin ya riga ya kama. In na ja, yagewa za ta yi, Goggo ta tambayi dalili. Hoton 'yarsa tsaye kusa da namijin da bai karɓi gaisuwarsa ba, a bangon gidansa, da girman da ko makaho zai gani. Na san abin da hakan zai iya jawowa. Na ɗauki kashi na goma na miƙa mata.

Mun gama takarda tamanin da suka rage ana kiran sallar azahar. Hannuwanmu sun yi fari, bayan Goggo ya ƙage. Ta sauko tana mita, ta nufi randa don ta wanke hannu, ta ɗauki moɗa, ta juyo. Moɗar ta faɗi daga hannunta.

"La'ilaha illallahu!"

Munzali ne a tsaye a tsakar gidanmu, daga ƙirji zuwa hula, ya fi ƙofar ɗakin Baba tsayi. Ana ganin zanen hular, da ɗan tabon da ke gefen girarsa, da inuwar ganyen gero a kafaɗarsa. Kajin gidan sun koma bayan rumbu. Goggo ta bi hoton da kallo. Sai idonta ya kai gefen dama.

"Raihana. Wancan ba mayafinki ba ne?"

"Shi ne, Goggo."

"Da hannuna na manna ki?"

"Da hannunki."

Ta riƙe haɓa. "To ai shi ke nan. Bari Yaya ya dawo masallaci."

Ya dawo da farar jamfarsa da sandarsa. Na ajiye masa kujera a tsakiyar fili, taku shida daga bango, na ce ga abin da ya nema. Ya zauna, ya jingina sandar a gwiwa, ya karkata kai hagu yadda ya yi a shatale-tale. Saboda da gefen ido yake gani, abin da ke gefe shi ya fara shigarsa. Na ga lokacin da ya same shi. Yatsunsa suka tsaya da jan carbi.

"Akwai mace a nan."

"Akwai kuwa," Goggo ta ce. "'Yarka ce, Yaya, tsaye kusa da shi. A gona."

"Aiki ne, Baba," na ce. "Hira nake yi da shi, akwai manoma sun fi ashirin a wurin."

Ya miƙe, ya ja kujerar da kansa zuwa dama, ya sake zama. Ya matsa gaba kaɗan, ya ga ta watse, ya koma baya. Shi ma sai da ya nemo wurin da take haɗuwa.

"Wannan ce Raihana?"

"Ni ce, Baba."

"Wadda na sani kumatu gare ta. Wannan goshin nawa ne. Ummukulsum, dubi goshin."

"Na gani, Yaya."

"Ba ki gani ba. Kullum kina ganinta." Ya ɗaga hannu a iska yana bin gira da yatsa, daga nesa, ba tare da ya taɓa komai ba. "Akwai layi a nan, tsakanin ido da ido. Yaushe ya fito?"

"Ban sani ba, Baba. Karatu ne, ina jin."

"Kin zama babbar mace a gidana, ina ta yi miki magana kamar 'yar sha bakwai."

Na tsaya a bayansa da hannuwa masu sitaci. A aikina na ga gobara, na ga ambaliya, na rubuta su cikin sakin layi huɗu. Wannan ban san ta inda ake fara shi ba. Mutum yana zaune a kujerar roba yana kallon rabin fuskar 'yarsa a takardar fotokofi.

Aka yi la'asar, ya yi sallarsa a nan kan buzu, ya koma kujerar. Wayata ta yi motsi a aljihu.

Munzali: Ya gani?
Munzali: Me ya ce?

Goggo ta gyara murya. Muryarta ta sauka, ba irin ta safe ba.

"Yaya, gobe Juma'a fa. Baƙi za su zo. Yaron da aka yi wannan wahalar dominsa, me ka gani a fuskarsa?"

"Ban kalle shi ba tukuna," ya ce. "Ku bar ni da 'yata."

A lokacin ne na ɗaga kai. Ta saman bangon, daga gabas, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, irin na farkon damina da ba ya jira. Iska ta fara kaɗa zaren da na ɗaure, gefen wata takarda a hular Munzali ya ɗago yana karkarwa. Sitaci ne da takarda. Ruwan minti biyar ya ishe su. Na kalli Goggo, na ga ita ma sama take kallo. Tana da dalilin yin shiru, ni ina da dalilin yin magana.

Baba ya ƙara karkata kai, yana murmushi da gefen baki. Babu wadda ta ce masa ya yi sauri.